Sunan da Na Rataya wa Baba Dantani

In an tambaye ni abin da ya kai ni Thailand, nakan ce koyon kiwon kifi na zamani. Haka na gaya wa Inna, haka na gaya wa abokaina a tungarmu ta bakin ruwa, kusa da Wara. Gaskiyar magana kuwa, gudun fuskar mutum ɗaya na yi: Baba Dantani, aminin mahaifina marigayi, wanda ya koya mini jefa birgi, ragar kamun kifi, tun ban kai tsawon filafilin tuƙa jirgi ba.

Shekara uku kafin tafiyata, da rani, ruwan Kainji ya ja baya ya bar wani tafki cike da tarwaɗa a bayan tunga. Kwaɗayi ya ja ni na tsiyaya maganin feshin wake a ciki da sassafe, abin da kowane masunci ya san Sarkin Ruwa ya hana. Na kwashe kifin da ya taso, na wurga jarkar cikin ciyawa, ban ko duba jirgin wa ke ɗaure a wurin ba. Da hantsi Fulani suka kawo shanu shan ruwa. Kafin la'asar guda bakwai sun kwanta, ba su sake tashi ba. Aka tsinci jarkar kusa da jirgin Baba Dantani, ga shi kowa ya san yana da gonar wake. Aka taru a ƙofar Sarkin Ruwa, ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dushe. Aka ƙone masa ragoginsa na kalli da birgi, aka hana shi taka ruwa. Ina tsaye cikin taron, hannuwana a aljihu, ban ce uffan ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Yelwa yana tura baro a kasuwa, suna kuma ya bi shi can: Mai Guba.

Daga ranar na zama mutumin kirki na ƙarshe. Ni ne gyaran rufin masallaci, ni ne kai marasa lafiya asibiti a jirgina kyauta, duk kaka kuma in aika buhun masara gidan Baba Dantani ta hannun wani direba, in ja masa kunne kada ya faɗi wanda ya aiko. Tsofaffi suna ta sa mini albarka, ni kuwa ina ɗora kowace a kan wani mizani da na kafa a zuciyata, ina jiran ranar da za su rinjayi jarka guda. Ranar ba ta zo ba. Duk sanda na kai kifi kasuwar Yelwa sai na hango shi, bayansa ya ranƙwafa, yara suna kiransa da sunan nan. Shi ya sa da aka zo da maganar aiki a gonar kifi a ƙasar waje, ban yi dogon bincike ba.

Wanda ya tarbe mu a Bangkok, mu huɗu, ɗan ƙasarmu ne mai sanyin baki, da carbi naɗe a wuyan hannu. Ya kai mu wani ɗaki a hawa na shida, ya karɓi fasfo ɗinmu da sunan zai yi mana takardar aiki, ya ce gobe mota za ta zo ta kai mu gona. Har yau goben nan ba ta yi ba. Ya yi layar zana, wayarsa ta daina shiga, bayan kwana tara mai gidan ya fito mana da jakunkunanmu waje cikin ladabi, har da ɗan sunkuyar da kai. Sauran ukun kowa ya kama gabansa. Ni na bi wasu 'yan ƙasar Bama da na tarar a tasha, don na ji ƙarnin kifi a tufafinsu, na ce duk inda suke aiki ba zan rasa abin yi ba.

Zangona na biyu wata rumfa ce a bakin teku, inda ake ɓare jatan lande. A tsaye ake aikin, cikin ƙanƙara da ruwan gishiri, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wata takwas na yi a can. Yatsuna suka tsattsage, farcena biyu suka fita. Shinkafa fara nake ci gaya, don tsoron kada a haɗa ni da naman alade. A nan na san kewar gida ciwo ce ta gaske. Abin mamaki, abin da ya fi damuna shi ne hayaƙin banda da yamma, lokacin da matan tunga ke jera kifi a kan waya, da ƙarar turmin Inna. In na tuna su sai in rasa inda zan sa raina. Da hannuna na dama ya kumbura har na kasa riƙe wuƙa, shugaban aikin ya nuna mini ƙofa, bai ma ɓata bakinsa ba.

Wani direban motar ƙanƙara ne ya cece ni. Ya sha ganina ina salla a bayan rumfa, ashe shi ma Musulmi ne. Ba ma jin yaren juna, amma da ya yi mini sallama na amsa, sai hawaye suka zubo mini, ni da nake ganin kaina namiji. Ya ɗauke ni a motarsa zuwa arewa, wajen Ayutthaya, inda danginsa ke da unguwa da masallaci a bakin wani babban kogi. Suka ba ni ɗakin ajiye tabarmi, suka yi mini jinyar hannu. Da na warke, ladanin ya ga yadda nake kallon ruwa, ya kawo mini wani tsohon birgi. Na jefa sau ɗaya ya buɗe da'ira cif. Ladanin ya yi dariya, ya ce ya san wadda za ta ba ni aiki.

Sunanta Pa Noi. Pa a yarensu kamar mu ce gwaggo ne. Gajera ce, mai faɗa da dariya a lokaci guda, tana da rumfa a matakalar kogi, daidai ƙofar wani gidan ibada na mabiya addinin Budda. Kifi take sayarwa, amma ba na ci ba. Bokitai ne jere: tarwaɗa, kififfiya, dodon koɗi, da wani dogon kifi mai kama da maciji. Mutum zai zo, ya saya, ya sauka matakala, ya haɗa tafin hannu ya yi addu'arsa, ya saki abin cikin kogi. A wurinsu ceton rai lada ne, suna kiran ladan bun. Wanda aikinsa ya cije, da wadda mijinta ke kwance asibiti, da wanda ya yi mugun mafarki, duk nan suke zuwa. Sun yarda cewa duk abin da mutum ya aikata yana bin sa, ko a wannan rayuwa ko a wata, abin da ake kira karma.

Aikina kuwa, in faɗa ba kunya, shi ne in sake kamo abin da aka saki. Akwai wata kwana a ƙasa da matakalar inda ruwa ke lafawa. A nan nake kafa gura, wato tarkon kifi, da yamma, da safe in ɗago in mayar wa Pa Noi kayanta. Akwai wata tarwaɗa mai yankakken gashin baki da na gane sarai. Sau huɗu ana 'yanta ta, sau huɗu ina dawo da ita bokiti, har muka fara gaisawa da ido.

Da na fara tsintar yarensu, na tambayi Pa Noi ko wannan ba yaudara ba ce. Ta ce wa ya yi asara? Mai saye ya sami ladansa, kifi ya ci abinci a bokiti, jikokinta sun je makaranta. Ta yarda akwai ɗan zunubi a kamun, amma ai kullum da safe tana zuba wa malamansu shinkafa a ƙwaryar bara, kuma babban alheri yana danne ƙaramin laifi. Wallahi maganar ta yi mini daɗi, don irin tunanina ce tsaf, sai dai a wani harshe. Ban da haka, matar nan ta yi mini abin da ba zan manta ba: da ta gane ba na cin alade, ta sayo sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu, ta hana kowa taɓa ta sai don girkina.

A cikin masu zuwa akwai wani dattijo siriri, Lung Som, wato Kawu Som. Sau huɗu a wata yake zuwa, ranakun ibadarsu, kuma kifin nan mai kama da maciji kaɗai yake saye, guda biyar. Yakan sauka har matakalar ƙarshe, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa kafin ya karkata bokitin. Pa Noi ce ta ba ni labarinsa, don ba ɓoyayye ba ne a wurin. Direban babbar mota ne a da. Wata rana cikin ruwan sama ya buge wata mata a kan keke, a wata hanya can nesa, ya ji ƙarar, ya gan ta ta madubi, ya ƙara wuta. Daga baya ya ji a bakin direbobi cewa ta mutu. Bai san sunanta ba, bai san garinsu ba. Shekara goma sha biyu ke nan yana sakin kifi yana tura mata ladan, yana roƙon ta sake shi.

Ni kuwa na san abin da shi bai sani ba. Kifin nan ɗabi'arsa irin ta gaiwa ce, taɓo yake so da ruwa marar zurfi, inda zai leƙo ya shaƙi iska ya koma ya ɓuya. Kogin nan kuwa zurfi gare shi da ƙarfin gudu, gaɓarsa duk siminti, ga manyan kifaye sun yi dafifi a gindin matakala saboda burodin da baƙi ke jefa musu. Waɗanda ba a haɗiye ba, washegari nakan tarar da su a gurata, cikinsu a sama. Duk masunci na ganin wurin zai gane haka, amma Lung Som direba ne. Wata biyar ina zubar da gawarwakin a ɓoye, bakina a rufe, don dama na ƙware a wannan.

Azumi ne ya karya ni. Ban san yadda Lung Som ya ji ina azumi ba, sai ga shi wata la'asar da ledar dabino, ya ce ya je har unguwar Musulmi ya sayo, an gaya masa da shi muke buɗe baki. Na karɓa da hannu biyu, raina ya yi nauyi. Washegarin zuwansa na gaba na aika a kira shi, na ajiye masa bokitin a gabansa: uku daga cikin biyar ɗin jiya, a mace. Da guntun yarensu da nunin hannu na bayyana masa dalili. Bai yi fushi ba. Ya zauna a kan matakala, ya ɗauki ɗaya ya shafa, ya ce, "Shekara goma sha biyu." Sai ya miƙe, ya kama hannuna, ya ja ni cikin farfajiyar gidan ibadar.

Na ce masa ni ba na shiga ɗakin gumaka. Ya ce ba can za mu ba. A gindin wata bishiya muka sami wani tsohon malaminsu, kansa a aske, da mayafi ruwan goro, yana ɗinke takalminsa na roba. Malamin makaranta ne kafin ya bar duniya, yana jin Turanci, ni ma na gama sakandare a Yelwa, don haka duk abin da ya gaya wa Lung Som sai ya juyo ya maimaita mini.

Lung Som ya tambaya ko duk shekarun nan kisa yake yi. Malamin ya ce a koyarwarsu aiki niyya yake bi. Ceto Lung Som ya nufa, wannan niyyar ba ta faɗi ƙasa banza ba, ko da yake rashin tsayawa ya tambayi inda kifin ke rayuwa shi ma sakaci ne. Amma daga yau ya sani, in ya sake zuba su a can, aikin ya zama wani abu dabam. Sai Lung Som ya yi tambayar da ta kawo shi: to ladan da ya samu, ya goge na matar nan?

Malamin ya ce a'a, bai ko sassauta murya ba. Ya ce kowane aiki iri ne mai zaman kansa. Wanda ya shuka ƙaya sannan ya zagaye ta da shinkafa, zai girbe shinkafarsa, amma shinkafar ba ta tumɓuke ƙayar. Abin da yawan alheri ke yi shi ne ya sauya mutumin da sakamakon zai tarar. Mai faɗin zuciya abin yakan zo masa da sauƙi, ko ya jinkirta, mai ƙuntatacciyar zuciya kuwa ƙaramin laifi ma ya ishe shi nutsewa. Ya ce mutane da yawa suna son a ce musu ana musayar wannan da wancan, shi dai bai taɓa samun haka a karatunsa ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ina da wani aboki a ƙasarmu, na kwashe labarin jarka da shanu da masara na ba shi, duk a kan abokin nan. Ya saurara yana jan zarensa. Da na gama ya tambaye ni ko dattijon yana da rai. Na ce yana nan.

"Me aka ƙwace masa?" in ji shi.

Na ce, "Sunansa. Da ruwa."

"To me ya haɗa shi da masara? Som ba shi da kowa a gabansa sai bokiti, don matar ta tafi. Abokinka nasa yana raye, ya san ƙofar gidansa. Masarar nan kansa yake aika wa."

Na fita daga wurin raina a ɓace. Ina ta cewa a zuciyata, mutumin da bai san alƙibla ba shi zai koya mini tuba? Mu muna da Ubangiji mai gafara, su kuwa sun ce ba mai yafewa, kowa abin da ya shuka. Ban ɗauki addininsu ba, ba kuma zan ɗauka ba. Amma ina alwalar magariba sai muryar malaminmu na Wara ta dawo mini, tun muna yara: Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin wani bawa sai mai shi ya yafe. Na san wannan tun kafin in iya tuƙa jirgi. Na dai rufe shi ne da buhunan masara, sai da na ƙetare rabin duniya wani baƙo ya yaye mini. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Mako na gaba Lung Som ya zo da babur. Ya sayi biyar ɗinsa, na hau baya riƙe da bokiti, muka fita gari har cikin gonakin shinkafa, na zaɓar masa wani magudani mai taɓo da ciyawa. Suka sulale cikin laka nan take. Ya ce ya san ba zai goge komai ba, amma aƙalla waɗannan za su rayu. Ni kuma na gaya wa Pa Noi na daina kafa gura. Ta zage ni tas, ta ce na zo na lalata mata sana'a da tsoho guda. Ranar da zan tafi kuwa ita ce ta ƙulle mini shinkafa da soyayyen kifi a ganyen ayaba, tana ta faɗa tana share ido.

Na miƙa kaina ga jami'an shige da fice don a mayar da ni gida, tunda ba ni da ko takarda ɗaya. Mako bakwai na yi a tsare, a ɗakin da in za ka juya sai na kusa da kai ya juya. Mutanen masallacin nan ne suka haɗa mini kuɗin jirgi, Allah ya saka musu. Na sauka gida da jaka ɗaya da rama.

Inna na fara gaya wa. Da na gama ta ce, "Ka tahi ka hwaɗi gaban mutane, awa yadda anka yi mai gaban mutane. In ba ka hwaɗi ba, kak ka ƙara cin tuwona."

Sarkin Ruwa ya tara jama'a ranar Laraba, aka kira Arɗon Fulanin, aka ɗauko Baba Dantani daga Yelwa a mota. Na tsaya a daidai inda ya tsaya shekarun baya, na faɗi komai, har launin jarkar. Wasu suka tofa yawu, wani abokina ya juya ya tafi. Aka hana ni ruwa shekara uku, shanun Arɗo kuma suka dawo wuyana. Sarkin Ruwa ya miƙe da kansa ya ba Baba Dantani haƙuri, ya miƙa masa filafili alamar an mayar masa da ruwa. Ya karɓa, amma da ƙyar ya iya ɗaga shi, baro ya riga ya cinye masa ƙarfi. Kowa ya ga ba zai sake tuƙi ba.

Da mutane suka watse na tsuguna a gabansa na ce, "Baba, ka yahe mini."

Ya ajiye filafilin a gefensa ya amsa.

"Nawa na yahe, Umaru, don ubanka. Amma Hajo ta rasu bara da damana."

Hajo matarsa ce. Ita ta goye ni wata shida lokacin da Inna ta yi doguwar jinya ina jariri.

"Ranar da munka kai ta," in ji shi, "na ji wata na tambaya ko wa ta rasu, anka ce mata matar Mai Guba. Da wanga suna ta tahi. Nata ba ni da ikon yahe shi."

Na tambaye shi inda kabarinta yake. Ya ce Yelwa, in na tashi zuwa in biyo ta gida ya nuna mini. Na je ranar Juma'a bayan an sauko. Ya nuna mini da sandarsa, ya koma gindin wata bishiya ya zauna. Na tsuguna na yi mata addu'a, sannan na faɗa mata duk abin da na faɗa a gaban taro, tun daga farko, ban rage komai ba. Na jira, ba wanda ya amsa.